Layi Biyu a Gida Ɗaya: Shawarwari 22 Kan Raba Intanet da Zaɓen Rauta a Mokolo

Da wuya ka shiga gida a Mokolo yanzu ka rasa sim biyu, ɗaya na MTN, ɗaya na Orange, wani ma har da na Camtel. Dalilin a fili yake: garin na tsakiyar duwatsun Mandara, rezon da ya cika a wannan unguwa yana iya raunana a bayan dutsen can, ga kuma ranakun da layi ɗaya kan yi shiru gaba ɗaya. Sai dai duk da sim biyun, abin da aka fi kuka da shi shi ne kowa ya taru a kan layi guda. Maigida na fama da tura takardun aiki zuwa Marwa, uwargida na jiran saƙon masu sayen kaya, yara na kallon bidiyo, kafin la'asar data ta ƙare, aiki kuwa bai tafi ba. Maganin shi ne a ware wa kowace na'ura hanyarta: wadda ke kawo abinci gida ta bi layin da ya fi tsayawa, ta nishaɗi ta bi ɗayan. Ga yadda ake yi, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa wanda sai an taɓa aljihu.

1. Ka fara da takarda da biro.
Rubuta duk na'urar da ke shan intanet a gidan: kwamfutar aiki, ta ɗalibi, wayoyi, talabijin, har da kyamarar ƙofa in akwai. Ka ja layi a tsakiyar takardar, gefe guda ka sa waɗanda in sun tsaya ciniki ko karatu ya tsaya, ɗaya gefen ka sa waɗanda za su iya jira. Wannan takardar ce za ta gaya maka irin rautar da kake buƙata, sau da yawa ma ta nuna maka ba sai ka sayi komai ba.

2. Auna kowane layi a ɗakin da za a yi aikin.
Sandunan rezo da ke saman waya ba sa faɗin gaskiya duka, don haka ka buɗe Speedtest ko fast.com ka gwada kowane sim a kan teburin da kwamfutar za ta zauna. Ka auna da sassafe, da azahar, da kuma bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau layi, ka ƙara da ranar Laraba da kasuwa ke ci, gari ya cika da baƙi. Awon kansa yana cin data, saboda haka kwana biyu ko uku sun isa ka gane halin kowanne.

3. Ba wa aiki layin da ba ya yankewa.
Layin da ke gudu da safe ya riƙa tsinkewa da yamma bai dace da kwamfutar aiki ba, gara mai matsakaicin gudu da ke tsaye wuni guda. Ka duba adadin turawa, ba na saukewa kaɗai ba, domin mai aika takardu da hotuna ko mai taro ta Zoom da turawa yake aiki. Layin da ya fi saurin saukewa ka bar wa masu kallo, dama shi suke so.

4. Layukan biyu su fito daga kamfanoni daban-daban.
Sim biyu na kamfani guda daga eriya guda suke sha, in ta tsaya duk sun tsaya tare. Ko da kamfanoni biyun ma, ka sani cewa manyan igiyoyin fayiba da ke haɗa biranen Kamaru a hannun Camtel suke, sauran kamfanoni haya suke yi, kuma a ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ji a jikinsu har da Kamaru. Don haka muhimman takardunka su kasance a ajiye cikin kwamfuta ko fulash, kada ka bar su a intanet kawai.

5. Gwada tsohuwar waya kafin ka kashe kuɗi.
Wayar Android da aka daina amfani da ita tana iya zama layi na biyu: sa mata sim, kunna raba intanet, ka haɗa kwamfutar aiki da ita ita kaɗai. In ka haɗa su da igiyar USB ya fi, domin haɗin ya fi tsayawa kuma wayar na samun caji daga kwamfutar. Ka ajiye ta a inuwa, ka riƙa taɓa bayanta, in ka ga batirin ya fara kumbura ka cire ta daga aiki nan take.

6. Rauta biyu, suna biyu.
Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga yawancin gidaje: ƙananan rautoci biyu masu cin sim, ka sa wa Wi-Fi na ɗaya suna "Aiki", na ɗayan "Gida". Kalmar sirrin "Aiki" ta tsaya a wurin masu aikin, kuma ka goge ta daga duk wayar da ta taɓa shiga, don waya ba ta mantuwa, da ta ji ƙamshin layin za ta koma da kanta. Ranar da layi ɗaya ya faɗi, sauya kwamfuta zuwa ɗayan bai wuce daƙiƙu kaɗan ba.

7. Kwamfutar da ba ta motsi, a ja mata kebul.
Kebul ɗin intanet irin Cat5e ko Cat6 yana kai saƙo lafiya lau har mita 100, kuma katangar dutse ko ta siminti ba ta damunsa kamar yadda take damun Wi-Fi. Ka soke shi a rautar da ka ware wa aiki, sannan ka kashe Wi-Fi na kwamfutar gaba ɗaya, don kada ta sulale zuwa ɗaya layin ba ka sani ba. Ka bi da kebul ɗin ta saman bango cikin bututun roba, saboda ɓera da ƙafar yara.

8. In kuna raba firinta guda, haɗa rautocin biyu wuri ɗaya.
Mai shagon buga takardu yana so kowace kwamfuta ta ga firinta, amma wata ta fita ta wannan layi, wata ta wancan, kuma hakan na yiwuwa ba tare da sabuwar na'ura ba. Ka haɗa ramin LAN na wannan rauta da ramin LAN na waccan, ka bar ta farko a adireshin 192.168.1.1, ka mayar da ta biyu 192.168.1.2, ka kashe DHCP a ta biyun don kada su riƙa rigimar raba adireshi. Daga nan duk kwamfutar da kake so ta bi layi na biyu, sai ka shiga saitinta ka ba ta adireshi da hannu, ka rubuta 192.168.1.2 a gurbin ƙofar fita, sauran kuwa su ci gaba da bin ta farko.

9. Kada ka sayi babbar rauta sai buƙata ta kama.
In na'urorin gidan ko na shagon sun yi yawa har saita su ɗaya bayan ɗaya ya zama wahala, ko kana so layi ya sauya da kansa ba tare da an taɓa komai ba, to lokacin rauta mai karɓar layi biyu ya yi. A jikin kwalin ko a littafinta ka nemi kalmomi uku: Multi-WAN, wato tana karɓar layi fiye da ɗaya, Policy Routing, wato za ka iya ce mata wannan kwamfuta ta bi nan, da Failover, wato in layi ya faɗi ta koma ɗayan. In babu ta biyun, ka ajiye ta komai kyan kwalinta, domin ita ce ainihin aikin da ya kawo ka.

10. Ramin sim biyu kada ya ruɗe ka.
Yawancin rautocin da ke da wurin sa sim biyu injin karɓar rezo guda ne a cikinsu, da sim ɗaya suke aiki a lokaci guda, ɗayan na zaman jiran ko-ta-kwana. Irin wannan tana da amfani in sauyawa kawai kake so, amma ba za ta tura kwamfutarka ta wannan layi da talabijin ta wancan a lokaci ɗaya ba. Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Sim biyun suna aiki tare, ko ɗaya bayan ɗaya?" sannan ka ce ya nuna maka a gabanka.

11. San na'urorin da suka saba da wannan aiki.
TP-Link ER605 tana karɓar layi fiye da ɗaya, kuma allon saitinta mai sauƙin bi ne ga wanda bai yi karatun harkar ba; MikroTik hEX, ƙirar wani kamfani na ƙasar Latbiya, mai ramuka biyar, ta fi ta dabaru amma tana son hannun gwani. Dukkansu biyu ba su da Wi-Fi kuma ba sa cin sim, saboda haka ƙananan rautocinka masu sim su ne za su riƙa shayar da babbar rautar ta kebul, wata tsohuwar rauta kuma ta watsa Wi-Fi a cikin gida. In akwai matashi mai son kwance-kwance a gidan, wasu tsofaffin rautoci na karɓar manhajar OpenWrt ta kyauta, wadda da ƙarin mwan3 take yin wannan aikin.

12. Gwada rauta mai sim a shago kafin ka biya.
Kaya da yawa na shigowa ta Mubi ko daga Kano, kuma wasu rautocin an kulle su ga kamfanin wata ƙasa, ba za su karɓi sim ɗin Kamaru ba. Haka ma wadda wani kamfanin gida ya sayar tana iya ƙin sim ɗin abokin gasarsa. Ka tafi da sim ɗinka duka biyu, ka sa kowanne, ka ga fitilar 4G ta kama kuma shafi ya buɗe, ko a Mokolo kake ko a kasuwar Marwa ko Garwa. Ka fi karkata ga wadda aka ƙera don Turai da Afirka, domin ta Amurka sau da yawa zangon rezonta daban ne, sannan ka juya bayanta ka tabbatar tana da ramukan ɗaura eriyar waje.

13. Raba wa rautocin adireshi tun kafin ka haɗa su.
Rautocin Huawei masu sim galibi da adireshin 192.168.8.1 suke zuwa, to in ka soke guda biyu masu adireshi iri ɗaya a babbar rauta, za ta rikice ta kasa bambance su. Ka haɗa kowace da kwamfuta ita kaɗai tukuna, ka bar ɗaya yadda take, ka mayar da ɗayar 192.168.9.1, cikin gida kuma ka yi amfani da wani jeri na daban kamar 192.168.0.1. Rashin wannan ɗan gyara ne ke sa mutane su mayar da na'ura lafiyayya shago suna cewa ta lalace.

14. Kafa wa kowace na'urar aiki adireshi na dindindin.
Rauta da adireshi take gane kwamfuta, in kuwa adireshin na sauyawa kullum, dokar da ka kafa jiya za ta faɗa kan wayar wani yau. A sashen DHCP ka ɗaure lambar MAC ta kowace na'urar aiki da adireshi guda, misali daga 192.168.0.10 zuwa 192.168.0.29 na aiki ne, daga 192.168.0.100 zuwa sama na kowa da kowa. Wayoyin zamani kan ɓoye lambar MAC ta gaskiya su nuna wata ta aro, don haka ka shiga saitin Wi-Fi na wayar aiki ka kashe wannan a kan layin gida.

15. Doka biyu sun isa.
Ta farko: adireshi daga 10 zuwa 29 su fita ta layin aiki, in ya faɗi su koma na gida. Ta biyu: sauran duka su fita ta layin gida, in ya faɗi su jira, kada su tsallaka, don in ka bar wannan ƙofa a buɗe, dare ɗaya na kallon fim zai cinye datar da ka saya ta wata guda. Ka sa dokar aiki a sama, domin rauta daga sama take karantawa, kuma ta farkon da ta dace ita take bi.

16. Kada ka bar kwamfutar kuɗi a kan rarraba nauyi.
Akwai saitin da ake kira Load Balancing, wanda ke watsa buƙatun gida a kan layukan biyu, kuma mutane kan ɗauka zai ninka musu gudu, alhali fayil guda da kake saukewa yawanci ta layi guda zai bi. Matsalar ita ce shafin banki, ko na rajistar jarrabawa, ko na biyan kuɗin makaranta, in ya ga adireshinka na waje na sauyawa a tsakiyar aiki yana iya fitar da kai ka sake daga farko. Ɗalibin da ke cike takardar shiga Jami'ar Marwa da mai hada-hadar kuɗi duka a ɗaure su ga layi ɗaya har su gama.

17. Gwada da hannunka kafin ka sallami mai saiti.
Ka buɗe shafin da ke nuna adireshin intanet na waje a kwamfutar aiki da kuma a wayar yara. In sunayen kamfanonin da suka bayyana sun bambanta, rabon ya yi. Sannan ka zare kebul ɗin layin aiki ka ga ko kwamfutar ta koma ɗayan cikin minti guda, ka mayar, ka zare na gida ka tabbatar wayar yaran ta tsaya. Ka ce wa mai saitin ya sa rautar ta riƙa gwada isa wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8, domin data na iya ƙarewa a sim alhali fitilar kebul na ci, ita kuwa ta ɗauka layi na nan lafiya.

18. Toshe ƙananan ramukan da data ke zurarewa.
A Windows ka nuna cewa layin na awo ne, don ta rage saukar da manyan sabuntawa ba da izininka ba, a wayoyi kuma ka kashe saukar da bidiyon WhatsApp kai tsaye da sabunta manhajoji da kansu. Bidiyo mai kaifi sosai yana iya cin fiye da giga 1 a awa guda, alhali 480p ya wadatar a fuskar waya. In kamfaninka na sayar da datar dare mai rahusa, ka tara manyan saukewa zuwa lokacin, a kan layin gida.

19. Nema wa rauta mai sim mazauni mai kyau.
Rufin kwano da katangar dutse na cinye rezo, don haka ka ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke kallon inda eriyar kamfanin take, ka riƙa matsar da ita taku ɗaya ɗaya kana aunawa. Ba dole ne rautocin biyu su zauna wuri guda ba, kowace ta je inda nata rezon ya fi, kebul ya kawo su ga babbar. In gidan na gindin dutse, eriyar waje a kan dogon ƙarfe na taimakawa ƙwarai, amma igiyarta ta zama gajera, domin tsawonta na rage ƙarfin abin da ta kamo.

20. Tanadi wutar da ba ta ɗaukewa.
Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai kusa da Garwa, kuma in ruwa ya ja baya a bazara akan shiga rabon wuta, duk da tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar. Abin daɗin shi ne rauta ba ta da ci, yawancinsu da bolt 12 suke aiki kuma kowace ba ta kai cin tsohon ƙwan fitila ba, saboda haka ɗan akwatin batir na rauta, ko batirin sola na gida, zai riƙe su awanni. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin cajar kowace kafin ka haɗa, domin akwai masu bolt 9 da masu bolt 5, kuma wutar da ta fi ƙarfin na'ura ƙona ta take yi.

21. Kare su daga aradu, ƙura da zafi.
Da damina, da ka ga hadari ya haɗo a kan duwatsu, ka zare filogi da igiyar eriyar waje, domin tsawa ba sai ta faɗo a kan gidanka take lalata kaya ba, ta igiya take bi. Da hunturu ka riƙa kaɗe ƙurar ramukan iska da busasshen burushi, da bazara kuma kada ka ɗora rauta a kan wata ko ka rufe ta da ƙyalle don ado. Rautar da ke yanke layi da tsakar rana ta dawo da yamma, sau da yawa zafi ne ke damunta, ba rezo ba.

22. Kulle ƙofa, ka kuma tsaya kan doka.
Sauya kalmar sirrin shiga saitin rauta daga wadda ta zo da ita, ka sa Wi-Fi a kan WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, baƙi da maƙwabta kuma ka buɗe musu layin baƙi da ke fita ta layin gida. Sim ɗin da ke cikin rautocin su kasance da rajistar sunanka da katin shaidarka, domin ranar da aka toshe ko ya ɓata, kai kaɗai za a saurara. Mai sha'awar Starlink a matsayin layi na biyu ya fara bincika matsayinsa a doka, domin a watan Afrilun 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin kama kayan da ake shigowa da su ba tare da izini ba.

In an gama saiti, ka sauke kwafinsa a fulash, ka liƙa wa kowane kebul ɗan tef mai suna, ka rubuta adireshi da lambobin sim a littafi guda da uwargida da babban yaro suka san inda yake, don gyara kada ya tsaya sai kana gari. Ka bi shawarwarin nan bi da bi: ka tsaya a ta shida in ta biya maka buƙata, ka wuce zuwa ta takwas in akwai firinta, babbar rauta kuwa sai aiki ya ƙaru har ya iya sayen ta da kansa. Allah ya sa albarka a cikin nema.